Mutumin Da Ya Tuge Min Iyakar Gona

Abdulsalami, kai ne ka tuge min iyakar gonata. Ba maƙwabcina Ɗanlarai ba, ba direban tantan ba, ba 'yan kamfanin da suka naɗe tabarmarsu suka gudu ba. Kai ne. Kana tsaye da farar hula, ka ɗaga hannu ka ce a tuge, aka tuge. Ina wurin, idona biyu.

Ku kuma masu karatu, na san kun saba da labarin 'yan mata masu kuka a kan filo don saurayi bai kira ba. Yau ku yi haƙuri da tsohuwa. Sunana A'i, a Ƙofar Dumi nake, nan cikin garin Bauchi. Na aurar da 'ya'ya, na goyi jikoki. Ban yi boko ba, faɗa nake a waya mai wannan shafi tana rubutawa, kuma na ja mata kunne kar ta gyara min baki. Labarin soyayya ne, e, don na so mutumin nan, ba zan ɓoye muku ba. Amma ba soyayyar ce ta kawo ni ba. Gonata nake nema.

Gonar tana wani ɗan ƙauye a gefen Zungur. Gadon mahaifina ce. Da aka zo rabo, maza suka ɗauki gida da shago, ni aka miƙo min ita, suna ganin sun yi min wayo. Ashe jigawa ce da gyaɗa ba ta ƙi. Daga ita nake samun gyaɗar da nake matse mai in soya ƙuli-ƙuli, kuma da ita na riƙe marayu bayan rasuwar maigidana, Allah ya ji ƙansa.

A ƙauyen nan ba a kafa dutse ko siminti a iyaka. Bini-da-zugu ake dasawa, layi guda, tsakaninka da maƙwabcinka. Akuya ba ta cinsa, saniya ko kallonsa ba ta yi, fari ba ya kashe shi, ko gobara ta bi ta kansa ruwa na sauka zai tofo. Yaro komai ƙiriniyarsa ba ya sa masa adda. In rigima ta tashi, dattawa ba sa tambayar kowa takarda. Tashi suke su je su tsaya a kan layin su ce, nan naka, nan nasa, kowa ya kama gabansa. Layina mahaifina ne ya dasa da hannunsa. Ta gabas shi da mahaifin Ɗanlarai, ta yamma shi da surukin Liatu, ƙawata, wadda ita ma mijinta ya rasu ya bar mata gonar da ke jikin tawa. Kututturen layin nan ya kai kaurin cinyata.

To, ga yadda Abdulsalami ya shigo.

Wata rana ina tsakar gida ina murza tunkuza, hannu duk maiƙo, zani ɗaurin ƙirji, aka yi sallama a zaure wai ana son mai. Na yafa mayafi na fito. Dogon mutum, furfura ta ɗan taɓa gemu, shadda ruwan toka ta sha guga, ƙamshin turarensa har ya danne na ƙuli-ƙulina.

"Malama, ke ce mai man da ake ba ni labari a ofis?"

"Ina dai sayar da mai. Labarin ban san wanda aka ba ka ba."

Ya buɗe kwalba ya shinshina, ya ɗaga ta sama yana kallo. "Wannan ba a haɗa shi da komai ba."

"In na haɗi kake nema, ka wuce gaba."

Ya yi dariya har da riƙe bango. Ya ce shi malamin gona ne, ma'aikacin gwamnati, matarsa ta rasu, 'ya'ya sun watse, shi yake dafa wa kansa. Ya sayi kwalba ya tafi. Ba a jima ba ya dawo. Ya sake dawowa. Na ce a raina, mutum ɗaya tilo a gida, wanka yake yi da man nan?

Ya gane ba na karatu, sai ya riƙa aiko min da saƙon murya. Wayar autata Habibatu ce ta saya min, wadda ke aure a Shadawanka da wani soja, ita ta nuna min inda ake dannawa. Sai ka ji wayar ta yi ƙara ina gaban kasko, in goge hannu in danna:

"Salamu alaikum, Malama A'i. Ba wani abu ba ne. Na ci shinkafa da wake ne da man nan naki, na ce bari in ji ko mai shi ta wuni lafiya."

Shi kenan fa saƙon. Amma ni da furfurata sai in shige ɗaki in sake kunnawa, in sake, har ƙuli-ƙuli ya ƙone. Tun da aka yi min auren fari ba wanda ya taɓa tambayata ko na wuni lafiya don kawai yana son ya sani.

Habibatu ce ta fara kama ni. Ta zo wuni ta kalli ƙafata ta ce, "Inna, lalle nake gani ko idona ne?"

"Rufe min baki, marar kunya. Kaushi nake magani."

"Kaushin har da zanen fulawa?"

Ta kai wa babban wana, Yaya Ja'afaru, shi kuwa kamar jira yake. Ya zo ya baje babbar riga a kan tabarma ya ce, "A'i, zaman me kike yi? Mutumin kirki, ma'aikaci, ba mata a gida. Na bincika, ba shi da abin faɗa. In ya turo, ni zan karɓa, kar ki tsaya min taurin kan nan naki." Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Washegari na je na yanko leshi ruwan goro na kai wa tela.

A cikin wannan zuwa zancen ne, wata la'asar a zaure, ya kawo min maganar aikin. Ya ce gwamnati ta haɗa hannu da wani babban kamfani. Gwamnati za ta kawo manoma da malaman gona, kamfani ya kawo injina da kasuwa. 'Ya'yan bini-da-zugu za a riƙa matsewa, man ya zama abin da mota da janareta za su sha. Shi aka ɗora a kan ƙauyenmu.

Na ce, "Bini-da-zugun shinge?"

"Shi fa."

"Wanda ko akuya ba ta ci?"

"Ai mota ba akuya ba ce." Ya gyara zama, ya rage murya. "A'i." Ranar ya fara kiran sunana ba Malama a gaba. "Har yaushe za ki yi ta durƙuso gaban turmi da kasko? Wannan sau ɗaya ake dasawa. In ya fara 'ya'ya, tsinka kawai za a yi, kamfani ya zo har bakin gona ya ɗauka. So nake ki shigo gidana da hannu mai laushi."

Na kalli hannuna, duk tabon tartsatsin mai. Na ce a sa gonata.

Liatu ta yi ɗan ja. Muna zaune a ƙofar gidanta muna ɓarar gyaɗa ta ce, "Maman yara, gyaɗa in ba mai saye, mu ci abarmu. Wannan in ba su zo ba fa?" Na ce mata Malam ya ce za su zo. Ta kalle ni ta kalli lallen ƙafata ta ce, "To, tunda Malam ya ce." Ita ma ta sa tata, don dagaci ya sa tasa, kowa ya sa.

Sai aka zo ranar da ba zan manta ba. An sa lokacin da manya za su zo buɗe aikin, irin dashen da kamfani ya yi alkawari kuma bai iso ba. Na je gona da hantsi na tarar da tantan yana ruri, leburori da adduna da sungumi sun jeru a jikin layina. Abdulsalami na tsaye yana ba da umarni.

Na ja shi gefe. "Malam, wannan fa iyaka ce."

"Na sani. Tantan ba ya iya juyawa a 'yan ƙananan gonaki, dole a haɗe su fili guda. Kuma ga iri a tsaye yana kallonmu. A sassara rassan a dasa, kafin manya su zo ya yi ganye."

"In an tuge, ta yaya zan gane tawa?"

Ya yi murmushin nan nasa. Ya kira wani ɗan kamfani mai riƙe da wata na'ura kamar waya. Ya ce, "Yanzu a gabanki zan bi layin nan da ƙafata, shi yana biye, na'urar tana ɗauka. Kusurwa-kusurwa. Abin da ta ɗauka ko bayan ranmu yana nan." Ya tattare shaddarsa ya shiga. Na tsaya ina kallonsa yana zagaya gonata, daga gefen Ɗanlarai ya gangara kudu, ya juyo ta gefen Liatu, ya dawo inda nake, ƙaya duk ta kama masa wando. Wallahi a lokacin burge ni ya yi. Na ce ga namijin da ya zagaya min gona da ƙafarsa.

Ya ɗaga hannu. Aka sa adda. Kafin azahar layin da mahaifina ya dasa yana kwance, farin ruwansa yana ɗiga a ƙasa. Aka ɗaura wa kututturen sarƙa, tantan ya ja. Haka aka bi na kowa. 'Yan bishiyoyin da ke tsakani ma aka sare, wai suna tare hanya. Wani tsoho ya zauna a bakin hanya ya riƙe kai. Aka yanka rassan iyakokinmu gunduwa-gunduwa aka dasa su ko'ina, sahu-sahu, daga wannan bakin fili har wancan. Abin da muke gane gona da shi, shi aka mayar ya zama gonar gaba ɗaya.

Ranar buki kuwa an sha kallo. Rumfuna, kujerun roba, makaɗa, motoci masu baƙin gilashi. Aka ɗinka mana anko na atamfa kore, aka jera mu gaba. Abdulsalami ya riƙe abin magana ya ce da ni shugabar mata manoma, ni da ko taro ban taɓa kira ba. Aka kawo wani mai a jarka, Allah kaɗai ya san daga ina, aka zuba wa janareta, aka ja igiya, ƙwan lantarki ya kama da rana tsaka. Aka yi ta tafi. Wani babba ya ce nan da ɗan lokaci ƙasar nan ba za ta ƙara layin mai ba, kuma daga ƙauyenmu za a fara. Aka ɗauki hoto, aka raba lemo, motoci suka juya.

Dashen ya kama, ba laifi, bini-da-zugu ai ba ya ƙin ƙasa. 'Ya'yan ne ba su taka kara sun karya ba. Muka tsinka abin da ya samu muka zuba a buhu. Kamfani ya zo sau ɗaya ya ɗauki kaɗan, wai za a kai gwaji. Ba su dawo ba. Rumfar da aka gina don injin matsa, inji bai taɓa shigarta ba, har aka kwashe kwanon rufin. Aka yi zaɓe, gwamnati ta sauya, sababbin suka ce ba su san zancen ba. Buhunan suka yi funfuna a ɗakin Liatu, ba a ci, ba a ba dabba, ko kaza ba ta tsattsaga. Filin ya zama kurmi, macizai suka samu gida. Ni mai gonar gyaɗa na koma sayen gyaɗa a kasuwa da tiya, ina matsewa don kar kasko ya yi tsatsa.

Auren fa, za ku ce. Da farko ya ce bari a fara tsinka, mu haɗa farin ciki biyu. Sai ya ce bari ƙura ta lafa a ofis. Sai aka yi masa canjin wurin aiki. Saƙon murya ya koma gajere: "Malama A'i, ina gaisuwa." Malamar ta dawo, kun gani. Daga nan sai na Juma'a kawai, irin wanda ake tura wa kowa da kowa. Daga nan shiru. Leshin nan ruwan goro yana ƙasan akwati, ko sau ɗaya bai ga rana ba. Ban bi shi ba. Na ce mace kamata ba ta bin namiji, na haɗiye abina shekara da shekaru.

Da ranin nan mutanen ƙauye suka gaji da jira, kowa ya fara tuge dashen don a koma noman abinci. Mai ƙarfi ya yi da yawa, marar ƙarfi kaɗan. Ɗanlarai, maƙwabcina na gabas, yanzu yana da motar ɗaukar kaya da 'ya'ya maza tuli, sai ya yi hayar tantan. Ina cikin suya waya ta yi ƙara, Liatu ce, tana haki.

"Maman yara, bar abin da kike yi ki zo. Ɗanlarai ya share tasa, bai tsaya ba, yana ta yowa yamma."

Na sauke kasko, na shiga mota zuwa Zungur, na hau acaɓa. Da na sauka na shiga filin, sai na tsaya. Jama'a, ban gane gonata ba. Gonar da na yi rarrafe a cikinta, na kai wa mahaifina fura a cikinta, na yi naƙudar fari a bakinta. Gefe guda ƙasa ce a share fes, gefe guda kurmi, ko'ina iri ɗaya. Na yi ta juyawa kamar baƙuwar da aka sauke a tashar da ba ta sani ba.

Ɗanlarai ya zo ya durƙusa ya gaishe ni. Na ce, "Ɗan nan, ka shigo min gona."

Ya ce, "Gwaggo, nuna min layin. Wallahi kina nunawa zan ja baya."

Na ɗaga hannu zan nuna, hannun ya tsaya a sama. Nan ne? Can ne? Na san ya shigo, jikina ya ba ni, daga inda nake hango dutsen nan na kudu ba haka nake hango shi ba da. Amma jiki ba shaida ba ne. Ban ce yaron ɓarawo ba ne, wataƙila shi ma bai sani ba. Sai dai na lura duk wanda ya ɓata iyaka a ƙauyen nan, cikin ta maƙwabci yake ɓata, ban ga wanda ya ɓata cikin tasa ba.

Muka je gaban dagaci. Ya tashi dattawa, kamar yadda aka saba, suka bi mu filin. Suka tsaya cirko-cirko. Babbansu ya dogara sanda ya ce, "Mu layi muka sani. Ina layin?" Waɗanda suka dasa duk sun riga mu gidan gaskiya. Aka ce na'urar fa? Na'ura ta bi masu ita. Sai dagaci ya ce, "Akwai wanda ya bi iyakar nan da ƙafarsa ranar da aka tuge, kowa ya gani. A nemo malamin gonan nan. Inda ya taka ya ce nan ne, ni zan sa a dasa sabon layi. Ɗanlarai, ka yarda?" Ya ce ya yarda. "A'i?" Na ce na yarda.

Sai dagaci ya ƙara da abin da ya hana ni barci tun ranar. Ya ce, "Amma a yi kafin ruwan shuka. Kun san al'ada, iri in ya shiga ƙasa ba a tone shi. Wanda ya shuka shi zai girbe, kuma inda kunyar nomansa ta tsaya bana, nan kowa zai riƙa gani baɗi."

Kun ji inda nake. In ruwa ya riga Abdulsalami zuwa, fiye da rabin gonata ya tafi, kuma ɓangaren mai kyau, inda gyaɗa ke yi.

Na kira wayarsa, tana shiga ba ya ɗauka. Na tura saƙon murya, na ga alamar ya saurara, bai amsa ba. Na sa hijabi na bi ofis-ofis ina tambaya har aka nuna min inda yake yanzu. Ashe wani sabon aiki aka ɗora shi a kai, gwamnati da wani kamfanin daban, wai gawayi za su riƙa yi da ɓuntun shinkafa. Hoton wasu mata cikin anko yana manne a bango, suna dariya. Da ya ɗago ya gan ni, alƙalami ya faɗi daga hannunsa. Ya tsufa, gemun ya yi fari tas. Ya leƙa ƙofa ya ce, "Ba a nan ba, don Allah. Zan zo gida."

Ya zo kuwa. Shekaranjiya da la'asar na ji sallamar maza biyu. Na fito na tarar da shi da Yaya Ja'afaru a zaure, ga ƙwaryar goro an rufe da farin ƙyalle, ga alawa, ga atamfa a leda. Habibatu ma ashe an kira ta, tana laɓe a bayan ƙofa da ɗa a baya. Turaren nan dai shi ne, bai sauya ba. Ba zan yi muku ƙarya ba, da ya bugi hancina sai da na dafa bango na zauna.

Ya ce, "A'i, na zo in cika alkawari."

"Wanne daga ciki?"

"Na aure. Na yi miki laifi, na sani. Kunya ce ta hana ni zuwa. Amma ban taɓa cire ki a raina ba, Allah shi ne shaida."

"Na ji. Yaushe za mu je gaban dagaci?"

Ya kalli Yaya. Yaya ya kalli rufin zaure. Malam ya cire hula ya riƙe a hannu ya ce, "Ki fahimce ni. Ba gonarki kaɗai aka tuge wa iyaka ba, duk ƙauyen ne, kuma kowa rigima yake da maƙwabcinsa yanzu. In na tsaya gaban dagaci na ce ni na bi layin, ni na ce a tuge, gobe duk za su faɗo kaina. Waɗanda suka matsa min in yi sauri kafin buki, ba wanda zai ce ya san ni. Wasu sun yi gaba, wasu sun yi sama. Na kusa ajiye aiki, A'i. In maganar nan ta tashi, da hannu wofi za a sallame ni."

"To ni in yi yaya?"

"Ki bar wa yaron nan abin da ya shiga. Ragowar ta ishe ki ɗan abin taɓawa. Ki shigo gidana, ci da sha da sutura duk a wuyana. Me za ki yi da gona a shekarunki?"

Yaya ya karɓe. "Gaskiya ya faɗa miki. Mutum ya zo da mutuncinsa, da goronsa. Ƙasa ce fa, A'i, dukkanmu cikinta za mu. Ki rufa wa kanki asiri, ki rufa masa."

Na ce, "Yaya, lokacin rabo ba ka ce shago ƙasa ba ne."

"Kin gani ko? Bakin nan naki shi ya zaunar da ke."

Habibatu ta leƙo, ido ya yi ja. "Inna, don Allah ki huta haka. Kullum kina hanyar Zungur, ƙafarki tana kumbura. Baba Malam yana sonki, ke ma kina..."

"Koma ciki."

Na juya na kalli Malam sosai. Na so in ga mugu, wallahi da ya fi min sauƙi. Ban ga mugu ba, tsoho na gani mai tsoro, yana murza hula. Kuma zuciyar nan tawa marar hankali tana ce min, karɓi, A'i, wa ya ƙi inuwa. Na ce, "Malam, tambaya ɗaya. Da dagaci bai ce a nemo ka ba, da goron nan ya zo?"

Ya ci gaba da murza hular.

"Ka tuna inda ka taka ranar?"

Ya ce, "Na tuna."

"To ba mantuwa ba ce. Ka sani, ka zo ka saye bakina ne." Na tura ƙwaryar da ƙafa har ta taɓa gwiwarsa. "Ɗauki abinka. Shekarun da na yi ina jiran goron nan, da ka kawo shi ko guda ɗaya ne a aljihu, da na bi ka ko ɗakin haya ne. Yau da ka ɗora shi a kan gonar ubana, ba na ci."

Yaya ya miƙe ya kaɗe riga ya ce ba da shi ba, kuma kar in sake in nemi ya raka ni gaban kowa. Habibatu ta tafi ba sallama, har yau ba ta kira ba. Abdulsalami ne ya fita ƙarshe, da ƙwaryar a hannu, yana tafe kamar wanda aka yi wa rasuwa. Jiya da safe saƙonsa ya shigo. Na danna. Numfashi kawai nake ji, can ya ce, "A'i, ki yi min rai." Shi kenan.

In yi maka rai. Ni wa ya yi min? Ɗazu Liatu ta kira ta ce Ɗanlarai ya kawo irin masara ya ajiye, kuma tun jiya gabas take haɗa gajimare tana watsewa. Na fita tsakar gida na duba da kaina, iskar ta sauya, ƙamshin ƙasa take ɗauke da shi. Tun da nake ban taɓa roƙon Allah ya jinkirta ruwa ba sai bana, ina roƙo ina istigfari.

Dagaci zai zauna ranar kasuwa mai zuwa. Ni da Liatu za mu je, ko da rarrafe. Abdulsalami, na san 'ya'yanka suna karanta shafin nan, za su kai maka. Ka zo ka nuna inda gonata ta tsaya, a gaban dattawa, a gaban Ɗanlarai. In kuma ka ce kai ɗan aike ne, to ka zo ka faɗi sunan wanda ya aike ka, da wanda ya zauna a rumfa ya yi tafi, da mai kamfanin da ya ɗauke na'urarsa ya tafi da iyakokin gari guda a aljihu, in san ƙofar da zan je in zauna. Ba na neman afuwa a wurin kowa, ba na neman tausayi. Ɗayanku ya fito ya amsa min, kafin ruwa ya taɓa ƙasa.